Idon Baba da Allon Likita

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", na ji ku. Girbin alkama ake yi, tun asuba nake kan sikeli a rumbun gari ina auna motoci, in na dawo ko takalmi da ƙyar nake cirewa. Ke kuma da kika rubuto kika ce wai na cika tsanantawa mahaifina, karanta wannan ki gama tukuna, sai ki zo mu yi magana.

*

Ranar Laraba wasiƙar ta zo.

A ƙofar gidan waya na farke ta, a tsaye, ban ma jira na shiga mota ba. Wata huɗu ina jiran amsar ofishin tallafi kan kuɗin da gwamnati ke ba wanda idonsa ya tafi. Na cika fom, suka ce na bar gurbi, na sake cikawa. Na zauna da waya a kunne ina sauraron kiɗan jira har na iya shi, ina wanke-wanke sai in ji ina rera shi ban sani ba.

Sun ce sun duba takardun Mista Lindsay Tregear, mai shekara sittin da ɗaya. Sun ce bisa rahoton likitan ido, ganinsa bai lalace yadda doka ta gindaya ba. Sun ce ya karanta allon gwaji har layi na shida.

Layi na shida.

Mutumin da makon jiya ya tsaya gaban tankin ruwa, ya ɗauka abokinsa ne, ya ce masa, "Bevan, ya aiki?"

Ban yi kuka ba. Gajiya ce kawai ta sauko min tun daga wuya har ƙafa. Baba shekara arba'in ya yi yana askin gashin tumaki, amma kaka biyu ke nan ba mai gonar da ya kira shi, tun da suka fara ganin jini a jikin dabbobinsu. Kuɗin tsufa kuma sai ya kai sittin da bakwai. Mama ce ke riƙe da gidan da shara da goge-goge a ƙaramin asibitin garinmu Wirrabeen, Talata da Juma'a, da gwiwar da in ta durƙusa sai ta kama wani abu take miƙewa. In kuɗin nan ya fito, ta ajiye bokiti. Abin da nake nema ke nan, ba wani abu ba.

A ƙasan wasiƙar sun ce in an kawo sabon rahoto za su sake dubawa. Likitan ido sau ɗaya yake zuwa daga birnin Adelaide a wata uku, kuma jibi Juma'a zai sauka.

Na kama hanyar gidansu. Kilomita talatin, duk kwalta sai biyun ƙarshe da suke birji.

Na tarar da Baba a baranda kan kujerarsa, karensa Moss kwance a kan ƙafarsa.

"Kez ce," ya ce, tun ban taka matakala ba. "Ba mai buga ƙofar mota kamar ta zage shi sai ke."

"Da ƙarar ƙofa ka gane ni ke nan."

"Da ido na gane ki. Ƙarar ƙofar ƙari ce."

"Wace riga ce a jikina?"

"Wadda ba a goge ba."

Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Sunana Kerryn, amma tun ina rarrafe bai taɓa kira na da shi ba sai in na yi laifi.

"Sun amsa," na ce.

"Su wa?"

"Baba, kar ka fara. Ofishin tallafi."

"To?"

"Sun hana."

Ya gyara zama, ya shafa kan karen. Har wani ɗan murmushi ya yi.

"Madalla. Kin ji ko? Gwamnati da kanta ta ce ina gani. Ke kaɗai kika ƙi yarda."

Na miƙa masa wasiƙar har ta taɓa ƙirjinsa.

"Karanta min."

"Tabarauna yana ciki."

"Yana kan hancinka."

"Wannan na nesa ne."

"To bari in matsa nesa."

"Ke dai ba ki da aikin yi ne yau? Ba motocin da za ki auna?"

Mama ta turo ƙofar raga da kafaɗa, ɗauke da faranti. Noelene sunanta, ƴar ƙaramar mace ce, ba ta ɗaga murya. Ta ajiye kofin Baba, ta juya mariƙin ya fuskanci hannunsa na dama, ta ɗan buga cokali a bakin kofin sau ɗaya. Hannunsa ya tafi kai tsaye ya ɗauka. Na sha ganin tana haka, ban taɓa kula ba sai ranar.

"Zauna mana, Kez. Kin ci wani abu tun safe?"

"Mama, sun hana."

"Na ji daga ciki."

"Wai layi na shida ya karanta."

"To."

"To? Shi ke nan abin da za ki ce?"

"Ga burodi nan da zafinsa. Ki sa man shanu kafin ya huce."

Na zauna kan matakala a gajiye. Amma bakina bai gaji ba.

"Na san abin da ya faru," na ce. "Shireen, ma'aikaciyar asibitin, ita ta yi gwajin allo kafin likita ya gan shi. Mutum arba'in suke gani a yini ɗaya. Ko dai ta haɗa takardarsa da ta wani, ko ta rubuta abin da ta ga dama don ta tashi da wuri. Gobe da safe zan je wajen shugabar asibiti in kai ƙara a rubuce."

"Ba za ki kai ƙarar kowa ba," in ji Mama.

"Saboda me?"

"Yarinyar nan ba ta yi komai ba."

"Kina ɗakin ne?"

"Ba na ɗakin."

"To ni ma ba na nan, don Baba ya ce in jira a waje, wai shi ba yaro ba ne. Wani ya yi kuskure, Mama. Wata huɗu na yi a kan abin nan. In aikinta ne zai tafi, ya tafi."

"Kerryn."

Na juyo. Mama ma ba ta cika faɗin cikakken sunana ba.

Ta ajiye butar shayi. Ta goge hannunta a jikin riga, ta sake gogewa, alhali a bushe yake.

"Lindsay, gaya mata."

Baba ya kurɓi shayi.

"Lindsay."

"Ba abin da zan gaya mata."

"Za ta sa a kori ɗiyar mutane. Ka gaya mata, ko ni in faɗa."

Can bakin titi na ji ƙarar wata tirela. Sai Baba ya ajiye kofin. Ya cire tabarau, ya ninke, ya ɗora kan tebur. Ya rufe idonsa ruf, ya juya fuskarsa wajen gonar maƙwabci.

"E," ya ce. "F, P. T, O, Z."

Ya ci gaba. Layi na huɗu, na biyar, na shida, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, kamar yaro mai karanta ranakun mako.

"Kina son daga dama zuwa hagu? Wani lokaci tana cewa a faro daga ƙarshe. Shi ma na iya."

Na zuba masa ido.

"Haddacewa ka yi."

"Har layi na takwas na iya. Na tsaya a shida ne don kar abin ya yi yawa."

"Wa ya ba ka?"

Ba sai ya amsa ba ma. Mutum ɗaya ne a duniya ke shiga ɗakin gwajin nan shi kaɗai, Talata da Juma'a, da bokiti.

"Mama."

"Shekara shida ke nan," ta ce, tana kallon farantin. "Lokacin da likitan gari ya ce saboda ciwon sukarinsa duk shekara sai an gwada idon kafin a sabunta masa lasin tuƙi. Shekarar farko da ƙyar ya wuce. Ya dawo bai ci abinci ba kwana biyu. Ni kuma allon yana nan a bango, kullum sai na goge masa ƙura. Sai na kwafe a bayan ambulan ɗin wasiƙa."

"Kika koya masa."

"In muna wanke kwanuka. Ni in wanke, shi ya goge, ina ja yana amsawa."

"In aka nuna masa harafi ɗaya da sanda fa?"

"Ba sa nunawa," in ji Baba. "Layi suke cewa. Allon nan tun kafin ki yi aure yake wurin, ba wanda ya taɓa canja shi."

Ya faɗe shi da alfahari. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

"Shi likitan Adelaide ɗin fa? Bai leƙa cikin idon ba?"

"Ya leƙa," in ji Mama. "Ya ce abin da yake gani a ciki da abin da aka rubuta ba su jitu ba. Ya ba shi takarda a kai shi Adelaide a sa shi a na'ura."

"Ina takardar?"

"Na hura wuta da ita," in ji Baba. "Takarda mai kyau ce, nan da nan ta kama."

Na sa kaina tsakanin gwiwoyina. Na tuna ranar da na ɗauki hutun da ba a biya na na zauna awa uku a layi. Na tuna matar ofishin da na yi wa tsawa a waya har ta ce in yi numfashi. Ashe baiwar Allah ba ta da laifin komai, masu laifin suna nan suna shan shayi.

"Kun zauna kuna kallona ina cika fom," na ce. "A kan teburin can. Ke Mama har biro kika nemo min."

"Na ɗauka wannan karon zai faɗi gaskiya."

"Na shiga da niyyar faɗa," in ji Baba.

"Sai me?"

"Sai yarinyar ta ce, Mista Tregear, daga wane layi za ka iya farawa? Ubanta tare muka yi aski shekara goma sha biyu. Ni na koya masa riƙon rago. In tsaya gaban ɗiyarsa in ce ko babban na sama ba na gani?"

"Ba ka ganinsa?"

"Ina ganin allon. Gefe-gefensa. Tsakiyar ce kamar an shafa mai."

"Kenan ba ka gani."

"Bakina ne ya tafi da kansa, Kez."

"Ƙarya ne. Bakinka ya san ya tsaya a shida."

Ya buɗe idon ya juyo da su wajena. Ba a kaina suka sauka ba, a kan ginshiƙin da ke gefena suka sauka.

"To ji," ya ce. "Ranar da na ce ba na gani, ranar za su karɓe lasina. Haka ne ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"Sai mu ci kuɗin a ina? A nan? Kanti yana kilomita talatin. Maganina yana kilomita talatin. Mai gidan nan bai bar mana shi da araha ba sai don ba mai son zama a ƙarshen duniya."

"Akwai rangwamen tasi da ake nema wa..."

"Wace tasi? Tasi ta ƙarshe a Wirrabeen ta mutu kafin a haife ki. Kaji ke kwana a cikinta."

"Ni zan dinga kai ku."

"Ke da ke fita tun asuba ki dawo kina jan ƙafa. Sai in zauna a kujerar nan ina jiran ɗiyata ta samu sarari ta kai ni sayen burodi."

"Eh. Mutane suna yi."

"Ni ba mutane ba ne."

Zan ba shi amsa sai wani abu ya faɗo min. Tun da nake wannan fafutuka hankalina yana kan fom, yana kan kuɗi, yana kan gwiwar Mama. Na san yana tuƙi. Kowa ya sani. Na gaya wa kaina ai hanyar gida ce, ai likita ya sa hannu, ai yana ɗan gani. Na zaɓi in yarda da hakan ne don ba ni da ƙarfin ɗaukar wani abu kuma.

"Baba," na ce, "in babban harafin nan ba ka gani, da me kake tuƙi?"

Ya sunkuya ya shafa kan Moss.

"Mama ba ta iya mota ba. Wa ke kai ta aiki?"

"Ni mana."

"Da me?"

"Da ni," in ji Mama.

Ta zauna a bakin kujerar da ke kusa da shi, a hankali saboda gwiwar.

"Ni nake gaya masa. Hagu kaɗan, dama kaɗan. Rage gudu, ga kwana. Ga mota tana zuwa, matsa gefe. Ya san hanyar a jikinsa, ni kuma ina cika masa sauran. Ba ma wuce sittin."

"Ba mu taɓa taka ko ƙadangare ba," in ji Baba.

"Kangaru ɗaya," in ji Mama.

"Shi ya faɗo mana."

"Tun yaushe?" na ce.

"Sosai-sosai, shekara uku."

"In ya sauke ki a asibiti fa?"

"Sai ya zauna a mota ya ji rediyo har in tashi."

Awa biyar ke nan. Na sha wucewa in gan shi a gindin bishiyar ƙofar asibiti ya kwantar da kujerar mota, in ce a raina ji soyayyar tsofaffi.

Na miƙe.

"Kun san abin da nake aunawa kullum? Tirela mai jela biyu, cike da alkama. In direban ya taka birki a nan, sai ya wuce gidan can kafin ya tsaya. Kan hanyar nan suke bi, Baba. Na san su ɗaya bayan ɗaya. Na san matansu."

"Ina jin su tun daga nesa."

"Motar makaranta ma kana jin ta?"

Ya kau da kai.

Na tura ƙofar raga na shiga. Makullin a-kori-kurarsa yana rataye a ƙusar da yake tun ina yarinya, don maƙwabci ya taɓa aron motar ba sallama, shi ya sa shi kaɗai a yankin yake cire nasa. Na zare, na sa a aljihun wandona, na fito.

"Na ji ƙarar," ya ce. "Maida."

"A'a."

"Kerryn, maida min makullina."

"Jibi ni zan zo in ɗauke ka. Ni zan shiga da kai. Zan gaya wa likita ya ajiye allon nan ya kawo wani, ko ya rubuta da hannunsa. Za ka faɗi abin da kake gani, ya rubuta, in aika musu. Mama ta bar goge ƙasa."

"Ki kai ni gaban mutane ki ce ga makaho."

"Ba sai na ce ba."

"A garin nan an san ni da askin tunkiya ɗari da tamanin a yini."

"An san ka. Yanzu kuma an san ka da gaida tanki."

"Kez," in ji Mama.

Amma na riga na hau. Kun san ni in na hau.

"Makaho ne kai, Baba. Masu gona sun sani, shi ya sa ba sa kira. Moss ya sani, shi ya sa yake tafiya a gabanka. Mama ta sani, tana buga maka cokali a kofi kamar jariri. Kai kaɗai kake wasan. Kana zaune kana taƙama kai direba ne, alhali hannu kawai kake bayarwa, ita ke tuƙin. In kana gani, ka tuƙa har bakin titi ka dawo ba ita a gefenka. Kilomita biyu ne. Ka yi in gani, ni da kaina zan yaga fom ɗin."

Na jira ya mayar min. Baba ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, ko a jana'iza sai ya samu abin cewa.

Ya laluba tebur ya taɓa kofinsa.

"Shayina ya huce," ya ce.

Mama ta ɗauki kofin ta shiga ciki. Na bi ta, don ba zan iya ci gaba da kallon fuskarsa ba. Na yi nadama tun kafin in kai ƙofa, amma ban koma ba.

A kicin ta ɗora buta, ta jingina da tebur, ta ɗauke nauyi daga ƙafar mai ciwo.

"Bai kamata ki faɗi maganar cokali ba."

"Na sani."

"Ya ɗauka ba wanda ya lura."

"Na sani, Mama."

"Sauran kuma gaskiya ne."

Na dube ta. A hasken taga na ga yadda ta rame, wuyan rigarta ya yi mata yawa.

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"In ce miki me? Na saci allon likita na koya wa mijina? Aikina zai tafi, shi kuma ba zai yafe min ba. Ke kuma kina da naki."

"Da na ɗauka."

"Kina ɗauka da yawa. Kalli idonki."

Ta buɗe gwangwani ta ɗebo ganyen shayi.

"Duk ranar aiki da fargaba nake tashi," ta ce. "In muka isa asibiti sai na zauna minti biyar kafin in sauka. Rabin awa ban isa in ƙifta ido ba. Ko atishawa tsoronta nake yi. Ranar nan rana ta kashe min ido a kwanar gada, na rasa hanyar gaba ɗaya, sai na ce masa miƙe kawai. Ban san me ke gabanmu ba, Kez. Na ce miƙe."

"Mama."

"Amma kin san wani abu? A motar nan kaɗai yake komawa Lindsay ɗin da na sani. Yana fito, yana zagin gwamnati, ya sa hannu ɗaya a taga. Shekara arba'in da aure, sai yanzu nake cewa hagu ya yi hagu."

Ta yi ƴar dariya, ta share ido da bayan hannu.

"Na gaji," ta ce. "Ba gwiwar ba ma. Na gaji da zama idon mutum."

"Jibi za a gama."

"Kina ganin zai faɗa?"

"In babu allon da ya sani, ba shi da zaɓi."

"Ba ki san ubanki ba."

Ta matso ta taɓa aljihuna inda makullin yake, kamar tana son ta tabbatar.

"Na gode da kika ɗauke. Ni na kasa. Kar ki taɓa gaya masa na ce haka."

"Ba zan faɗa ba."

"Bari in kai masa shayin. Ke kuma ki fita ki ba shi haƙuri, ko ba ki so. Ki ce maganar bakin titi wasa kike."

"Bari ya ɗan huce."

Buta ta fara kuka. A ƙarƙashin kukan na ji wani sauti, ban gane shi da farko ba. Mama ta kashe wuta.

Inji ne.

Na dafa aljihuna. Makullin yana nan.

"Ba motarsa ba ce," in ji Mama.

A yankinmu ba mai cire makulli daga mota in ya shiga gidan iyayensa. Nawa yana jiki, inda na bar shi.

Muka fita tare. Kujerar baranda ba kowa, sai tabarau a kan tebur. Moss yana tsakiyar fili yana haushi. Motata, wadda Baba bai taɓa tuƙa ta ba, ta riga ta wuce ƙyauren gona, tayarta ɗaya a kan hanya ɗaya a cikin ciyawa, tana ƙara gudu wajen titi.

Na ruga wajen a-kori-kura, ina kokawa da makulli. Mama ta biyo ni tana jan ƙafa, ta kama ƙofar ɗaya gefen.

"Zai ji tirela in tana zuwa," na ce. "Ya ce yana jin su. Zai tsaya a bakin kwalta, ko?"

Mama ta shiga ta ja ƙofa. Idonta yana kan motar.

"Bai san inda kwaltar ta fara ba," ta ce. "Ni nake ce masa tsaya."